Tsegumi: Hannu Nawa Ne a Kan Albashinki, Hajiyata?

Matso nan, 'yar uwa. Ƙara matsowa. Ajiye wayar tukuna, wannan maganar ba ta turawa a zauren WhatsApp ba ce.

Kin lura da abin da na lura da shi a Abaji? Tun da aka gama dogon yajin aikin nan, matan da ke cin albashi sun rabu gida biyu. Wasu har yau bashi suke biya. Wasu kuwa, hmm. Ko gezau. Matakin albashi ɗaya, ɗakin malamai ɗaya, tashar mota ɗaya. Wannan ta sayar da 'yan kunnen aurenta. Waccan ta ƙara akuya uku a bayan gida, kuma fuskarta sai sheƙi take yi. Aka fara cewa asiri ne. Wasu suka ce akwai wani Alhaji a ɓoye. Ke ma kin ji, kada ki yi mini fuskar salihai.

To, na bi diddigi. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ba inda ake zato tsamin yake ba.

Bari in tuna miki yadda aka yi. Watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000. Aka yi guɗa. Masu bin bashi ma suka yi guɗa. Sai malaman firamare na birnin tarayya suka zuba ido, shiru. Ranar 24 ga Maris 2025 suka rufe aji, daga Bwari har Abaji. Ba shi ne yajin farko ba, amma shi ne ya fi daɗewa a baki. Ma'aikatan ƙananan hukumomi da na asibitocin unguwa su ma suka ajiye aiki. Fiye da wata uku yara na gararamba a layi, wasu an ɗora musu tire. Ƙungiyoyin ma'aikata suka riƙa tambayar inda Naira biliyan 4.1 da aka ce an saki don biyansu suka kwana. Ni dai ban ce kowa ya ci ba. Tambaya suka yi, ni ma tambayar na maimaita. Sai a watan Yuli aka koma aji, bayan ministan birnin tarayya Wike ya zauna da ɓangarorin aka amince a riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar ƙananan hukumomin na wata shida a rage bashin.

Ga sirrin farko, wanda ba a faɗa wa yarinya ranar da take rawar kai da takardar ɗaukar aiki. A garin nan za ki ga mata uku, duk ana kiransu Malama. Ɗaya tana koyarwa a kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, kuɗinta daga ma'aikatar ilimi ta ƙasa yake fitowa. Ta biyu tana babbar sakandare ta hukumar birnin tarayya. Ta uku tana firamare, kuɗinta sai ya bi ta hannun ƙaramar hukuma. Alli ɗaya, ciwon maƙogwaro ɗaya. Amma da aka shiga yajin nan, ta ukun ce ta sha wuya. Masu wayo sun san haka tun da wuri. Kafin su tambayi nawa ne albashin, sai su tambayi wa ke biya.

Kuma wa ke biyan? A zaɓen 2022 kujerun ciyaman shida ne a birnin tarayya. Maza shida suka hau. A can sama kuwa sai ki rantse mata ne suka kama gari: Sanata Ireti Kingibe ke wakiltar Abuja tun 2023, Dakta Mariya Mahmoud ta zama ƙaramar ministar birnin tarayya a shekarar, shugabancin ma'aikatan tarayya kuma tun 2015 mace ke miƙa wa mace, daga Winifred Oyo-Ita zuwa Folasade Yemi-Esan zuwa Didi Walson-Jack. Madalla. Amma alƙalamin da ke sa hannu a kan kuɗin malamar firamare a Nuku ko Pandagi, ki duba hannun da ke riƙe da shi. Ba lalle a jiki.

Wannan hannu na ɗaya ke nan.

Na biyu direba ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba, don kin fi ni saninsa. Mai aiki a cikin Abuja tana kwana Abaji, fiye da kilomita 100 ke gabanta kullum. Kwaita, Yangoji, Kwali, Gwagwalada, kafin a ce an shiga gari ta gaji. Hanyar da aka ba da kwangilar tagwaita ta tun 2006. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, akwai waɗanda in suka yi lissafi na gaskiya, direba suke wa aiki. Ba sa lissafin ne kawai, don kada a ce sun bar aikin Abuja. Suna ne ke cinye su.

Yanzu ki rage murya. Mun zo wurin canjin wurin aiki.

Kin san yadda ake yi. Takarda ta fito, an tura wance Gawu, can bakin iyakar Neja. Ko Gurdi. Ko wani ƙauye bayan Yaba da in damina ta sauka sai mai mashin ya ga dama, ga kuma fargabar masu garkuwa da mutane. Tana da goyo. Ta je neman sauƙi. Sai wani mai kujera ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ai ba a irin wannan maganar a ofis. Ki same ni bayan la'asar."

Bayan la'asar! A ina? Da wa?

Akwai wadda ta je. Ba zan yanke mata hukunci ba, Allah ne ya san nauyin da ke kanta. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin nan ba ya ƙarewa. Yau canjin wuri ne, gobe ƙarin girma, jibi kuma matarsa ta tare ki a gidan biki. Akwai kuma wadda ba ta je ba, ba ta kuma yi ihu ba. Ta koma gida ta rubuta koke, ta haɗa da takardar asibiti, ta miƙa ta hannun shugabanta, ta sa aka buga mata hatimin karɓa a kwafinta. Saƙonnin da ya turo mata da dare kuwa, ba ta goge ko ɗaya ba. Ta kai wa wakiliyar ƙungiyarsu ta gani. Sai ga mutumin ya koma gaishe ta da "ranki ya daɗe". Me ya faru? Ya gane akwai takarda. Irin waɗannan mutanen hawaye ba ya ba su tsoro. Hatimi ne ke hana su barci.

Tun da maganar ta kawo mu nan: duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai samo miki gurbin aiki, ki tuna 2023, lokacin da kwamitin majalisar wakilai ya binciki cinikin guraben aiki, mutane suka fito gaban kyamara suna ba da labarin miliyoyin da suka biya. Wasu ko teburin zama ba su samu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To, ga babban hannun. Wanda ba a faɗa. Wanda ke kwana kusa da ke.

Kin taɓa tsayawa wurin mai POS ranar da albashi ya shiga? Je ki tsaya. Ki ƙirga mazan da za su zo da kati. Ki saci kallon sunan da ke fitowa a rasit. Hauwa. Maryam. Blessing. Gemu har ƙirji, amma sunansa Hauwa! Mai POS ya sani. Yaran shago sun sani. Ita kuwa baiwar Allah tana can tana fama da yara sittin a aji, wayarta ta yi ƙara, kuɗi sun shiga. Kafin a tashi ta sake yin ƙara, kuɗi sun fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda abin ke farawa kuwa da daɗin baki ne. "Kawo in riƙe miki, kin san ku mata da ɓarna." Ko kuma tun ranar neman izini aka ƙulla: "Na yarda ki yi aiki, amma rabin albashi nawa ne." Ita don ɗokin fita ta ce to. Shekara goma ta wuce. Wata rana sai ta ji ana guɗa a ƙofar gida, ana sauke akwatuna. Ta duba atamfofin da kyau. Ta gane guminta.

Ba ƙirƙira na yi ba, kowace unguwa akwai irinta, kuma ke ma yanzu wata ta faɗo miki a rai. Kada ki faɗi sunan.

Kada ki ɗauka zuga ki nake ki tayar da gidanki. Akwai mazan kirki a garin nan, da yawa ma. A lokacin yajin nan akwai waɗanda suka riƙe gida su kaɗai wata uku ba su taɓa gori ba. Kuma mace ta taimaki mijinta abin yabo ne, a wannan tsadar gida nawa ne ke tsayuwa da ƙafa ɗaya? Amma akwai bayarwa, akwai ƙwacewa. Je ki tambayi kowane malami a garin nan: a Musulunci dukiyar mace tata ce, ci da sha da sutura da muhalli a kan miji suke, abin da ta ba shi da daɗin rai kyauta ce. Da daɗin rai aka ce. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ke aiki kai tsaye a birnin tarayya kuma hukumar NAPTIP ke kula da ita, ta sanya tauye wa mutum dukiyarsa da tilasta masa dogaro da wani cikin laifuffuka. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 500,000, ko duka biyun. Mata nawa suka san da wannan a Abaji? Maza nawa suka sani suka yi gum?

Ba cewa na yi ki kai uban 'ya'yanki kotu ba. Waɗancan masu sheƙin fuskar ba kotu suka je ba. Zama suka yi da shi tun farko, wasu gaban waliyyi, aka faɗi adadi: ga abin da zan riƙa sa wa a cefane duk wata, saura nawa ne. An ɗan yi fushi kwana biyu. An huce. Katin kuma yana cikin jakarta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani hannun namu ne. Anko! Wata guda biki uku, kowanne da kalar leshinsa, ga gudummawa, ga liƙi, ga mai kwalliya. Wadda ba ta yi ba a ce ba ta da zumunci. Sai a shiga adashi uku lokaci ɗaya, a ɗauki na nan a toshe na can. Da albashi ya tsaya, kin san abin da ya faru? Adashin da duk 'yan cikinsa malamai ne ya mutu murus, don duk rana ɗaya aljihunsu ya bushe. Waɗanda suka riga suka kwasa suka daina ɗaga waya. Uwar adashi ta koma bin hanyar bayan gida. Masu wayon kuwa da 'yan kasuwa suke zubi, masu doya da masu garin rogo, waɗanda kuɗinsu bai san ciyaman ba.

Daga nan sai bashin waya. Danna nan, danna can, dubu ashirin ta shigo. Sati biyu ta zama talatin. Kin makara kwana ɗaya, sai surukarki ta ga saƙo da hotonki an rubuta ɓarauniya. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanonin tun 2022, amma saƙon da ya riga ya shiga wayar suruka wa zai goge shi? Wasu kuma suka ce bari su ninka abin da ya rage. An yi MMM a 2016, an sha kuka. Watan Afrilun 2025, ana tsakiyar yajin, CBEX ta rufe da kuɗin jama'a. Ana wata ga wata. Wasu har yau mazansu ba su sani ba. Ni ma ban faɗa ba.

Yanzu akuyoyin. Kin ƙosa ki ji, na gani a idonki.

Kowa na cewa ma'aikaciya ta kama sana'a. Gaskiya ne. Ko Ladi Kwali ta maƙwabtanmu, da hannunta da yumɓu ta hau bayan takardar Naira 20. Amma ga abin da ba a gaya miki ba: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa. Abu ɗaya ta ware: noma. Shi ya sa wasu ke buɗe shago da sunan ƙani, ko da sunan maigida, ba rubutu ba shaida. Ranar da aka ɓata, sai a ce shagon wa? Sunan wa ke jikin takarda? Sai kuka. Masu sheƙin fuskar nan gona suka kama. Ƙasar Abaji ba ta rowa: doya, rogo, riɗi, shinkafa a fadama. Tana aji, 'yan ƙwadago na kunya. Ga kaji, ga awaki. Da albashi ya ƙi zuwa, rumbu ya amsa. Wannan shi ne Alhajin da ake ta nema.

Ku kuma 'yan matan da ba gwamnati kuke wa aiki ba, ban manta da ku ba. Tun da Nestlé ta buɗe masana'antar ruwa a Abaji a 2016 kowace mai difloma ke mafarkin aikin kamfani. Amma mafi yawanku a makarantun kuɗi kuke, da shagunan magani, da rumfunan POS. Ku ji da kyau. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka kada ki je kina yi wa mai shago barazana da 70,000, dariya zai yi. Abin da dokar ƙwadago ta ba ki shi ne rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Ta ba ki hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. A aikin gwamnatin tarayya hutun bai gaza mako 16 ba. Jihar Kaduna ma wata shida ta mayar da nata tun 2019. Amma sai ki ga yarinya na ɗaure ciki da zani har wata bakwai don kada madam ta gani ta sallame ta. Madam ɗin kuwa mace ce, ta haihu biyar. Wannan kam ya fi ci mini rai.

Saura takardu, kuma a nan ne manyan mata ke faɗuwa, ba 'yan yara ba.

Akwai wata, ba zan ce a wane ofis ba. Shaidar NCE ɗinta da sunan mahaifinta. Ta yi aure, don soyayya ta mayar da BVN sunan miji. Auren ya mutu. Ta sake wani, ta yi NIN da sunan na biyu. Mace ɗaya, suna uku. Shekarun haihuwa kuma biyu, don an ɗan rage a takardar rantsuwa lokacin neman aiki, kin gane ai. Shekaru suna tafiya lafiya lau. Sai ranar tantancewa kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Albashi ya tsaya. Mijin farko ya yi gaba, na biyu ya ce shi ba ruwansa. Wa ya aike ta? A al'adarmu da addininmu mace ba ta ajiye sunan ubanta don ta yi aure. Kwaikwayo ne ya ja mata.

Wadda kike gani shiru-shiru a kusurwar ɗakin malamai, ita fa lissafi take. Ta san mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarta, mai digiri a na 8. Don haka ta lallaɓa ta yi rajista, ko a jami'ar da ke Gwagwalada ko a buɗaɗɗiyar jami'a, ba ta gaya wa kowa ba sai da sakamako ya fito. Ta nemi izinin karatu a rubuce, don kada a ƙi amsar takardar daga baya. Ta yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Ta san daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara uku ake jira kafin a cancanci ƙarin girma, don haka ranar da tata ta cika, fayil ɗinta na kan tebur. Ta san tun 2022 doka ta ba malamai damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Sauran suna hirar wa ya saki wa, ita tana hoton takardu. Ranar da sunanta ya fito a jerin shugabannin makaranta, sai aka ce ai ta san wani. Ta san wani mana. Ta san magatakardan da ke ajiye fayil, kuma tana gaishe shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi tsayawa a raina. Fansho. A dokar 2014, ana yankar kashi 8 cikin 100 daga naki, mai aikin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunki. Yanka kam ana yi, kina gani a takardar albashi. Zubawar fa? Yaushe rabon ki nemi bayanin asusun? Akwai waɗanda sai gab da ritaya suke gano watanni sun yi ɓatan dabo. Sannan magajin da kika rubuta ranar da kika fara aiki, wa kika sa? Yi tunani. Na ga kin zaro ido. Tsohon mijin ne, ko? Ko wan nan naki da ko gaisuwa ba kwa yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, Hajiyata. Ranar Litinin ki nemi bayanin asusun fanshonki, ki gyara sunan magaji, ki jera NIN da BVN da takardar makaranta ki ga ko mutum ɗaya suke nufi. In kin biya ta banki kuma, ki canza lambar sirrin katin nan. In an tambaye ki wa ya zuga ki, ba ni ba ce.